MU ZAGA ƘASA: Ganin Dutsi ba shiga Arewa ba

Yau kam tafiyar tamu doguwa ce, domin za mu fara ta daga ƙasar Ispaniya, can ƙetaren teku, mu ƙare ta a gindin dutsin Dogon Dutsi. Kada ku ce mai fili ya ɓata hanya. Ku biyo ni sannu, za ku ga inda igiyar ta ɗaure.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani yaro, ɗan aminina, wanda yake karatu a birnin Garnada na Ispaniya, ya zo hutu nan Yamai ya biyo gaishe ni. Ubansa haifaffen Matankari ne, Ba'are na asali, da tsagensa daga baki har kunne. Bayan mun gaisa, yaron ya fiddo wayarsa ta salula ya shiga nuna mini hotuna, yana faɗin sunan kowane sarki da shekarar kowane gini kamar mai biya hadda. Ya ce mini: “Baba, ai wanda bai ga Alhamra ba, da sauransa a ganin duniya.” Na bari sai da ya gama, sa'an nan na ce masa: “Madalla, ɗana. To, ka taɓa zuwa Lugu?” Ya yi shiru kaɗan, ya ce: “Lugu ta Sarauniya? Baba, ni na ɗauka a littafi kawai take.”

Ban yi masa faɗa ba, don laifin ba nasa ba ne. Yaro ba ya sanin hanyar da ba a taɓa aza shi bisanta ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Abin da ake zuwa gani a Garnada

Bari in fara ba ku kaɗan daga abin da baƙo ke zuwa gani a wannan birni, domin yaron bai yi ƙarya ba. Garnada tana kudancin Ispaniya, cikin yankin da har yau ake kira Andalus, a gindin wasu duwatsu da ƙanƙara ke rufe kawunansu lokacin ɗari. A bisa wani tudu da ke kallon gari akwai fadar Alhamra, wato “ja” da Larabci, saboda launin ganuwarta. Sarakunan Musulmi na gidan Banu Nasar ne suka aza harsashinta a 1238, magadansu suka yi ta ƙari a cikin ƙarni na 14. A cikinta akwai wata tsakar gida da ginshiƙai 124 suka kewaye, a tsakiya ga zakuna 12 na sassaƙaƙƙen dutse ɗauke da babbar tasar ruwa, ruwan yana fitowa ta bakunansu. Bangon ɗakunan kuwa zayyana ce da rubutun Larabci tun daga ƙasa har rufi. Ruwan da ke gudana cikin fadar da lambun sarki, jawo shi aka yi ta magudana daga kogin Daro tun ƙarni na 13.

Daura da fadar akwai tsohuwar unguwar Albaizin mai ƙananan lunguna da fararen gidaje, inda jama'a ke taruwa da maraice su kalli jan hasken rana a jikin ganuwar Alhamra. A wannan unguwa aka buɗe sabon masallaci a 2003. A tsakiyar gari kuma ga babbar majami'a, ga kabarin sarki Fardinan da sarauniya Izabela, waɗanda suka karɓe birnin daga hannun sarkin Musulmi na ƙarshe a watan Janairu na 1492. A shekarar 2019 kaɗai, mutum fiye da miliyan 2 da rabi suka shiga Alhamra. Yawan jama'a ya sa sai an sayi tikiti tun da wuri, an kuma rubuta wa kowa sa'ar da zai shiga ɗakunan sarakuna, in ya makara ya yi asara. Mai masauki, da mai gidan abinci, da mai mota, da ɗan jagora, duk a gindin wannan tudu suke cin abincinsu.

Kada kuma ku zaci ba mu da dangantaka da wannan birni. Abu Ishaƙa Assahili, mawaƙi kuma masanin gini wanda ya biyo Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjinsa na 1324, ya kuma rasu a Tumbutu, mutumin Garnada ne. Haka Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leyon ɗan Afirka, a Garnada aka haife shi, kuma littafinsa da aka buga a Italiya a 1550 ya ambaci Agadas, da Gobir, da Katsina, da Kano.

Amma ga abin da yaron bai gaya mini ba, wanda shi ne kan zancen. Alhamra ta taɓa zama kango. A 1812 sojojin Napoleyon, da za su fita, suka sa albarushi suka rushe wasu hasumiyoyinta. Bayan haka marasa galihu suka tare a ɗakunan sarakuna, suna hura wuta a inda waziri ke zama a da, rufi na yoyo, ba mai kula. A 1829 wani marubuci Ba'amurke, Washington Irving, ya sauka a cikinta, ya zauna da mutanen wurin yana sauraren tatsuniyoyinsu, ya fitar da littafi a 1832. Labarin ya zaga duniya, baƙi suka fara zuwa, mutanen ƙasar suka farga da abin da ke hannunsu. A 1870 hukuma ta sa fadar cikin kayan tarihin ƙasa, aka yi shekara da shekaru ana gyara, har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 1984. Ashe wuri ba ya zama abin zuwa gani don kansa. Sai an sami mai ba da labarinsa, an kuma sami masu tsaronsa.

Mu komo gida

To, mu baro Andalus mu hau hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta bi ta Doso ta nufi Ƙwanni da Maraɗi da Damagaram. Kafin a cika kilomita 300 daga Yamai, matafiyi zai hango jajayen duwatsu sun yi wa wani gari rumfa. Wannan shi ne Dogon Dutsi. Dubban mutane ke ratsa shi kowane mako. Mota ta tsaya, a yi alwala, a yi salla, a sayi tsire da ruwan sanyi, direba ya yi oda, a wuce. Nawa ne daga cikinmu suka taɓa kwana ɗaya a garin don su gan shi? Mutanen Kano na cewa ganin Dala ba shiga birni ba. Mu ma ganin Dutsi ta tagar mota ba shiga Arewa ba ne.

Wanda ya sauka, ya fara da dutsin da ake kira Tozon Bijini, saboda ƙirarsa ta tozon babban sa. Ya nemi ɗan gari ya raka shi bisa tudu da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Daga can zai ga garin shimfiɗe a ƙarƙashinsa, ya ga kwarin Dallol Mawri, wanda tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba mai tunawa, amma ya bar ruwa kusa a ƙarƙashin ƙasa. Wannan ruwa shi ya tara mutane a nan tun farko. In ya sauko, ya zaga Tapkin Sau da garaken da ke kewaye da gari, inda manoman rani ke fitar da dankalin Turawa da ake kai wa har Yamai. In ya dace da ranar Juma'a, ya shiga kasuwa ya ga wake da gero da dabbobi, ya ji Hausar Arewa a bakin masu ita, ya ji Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye duk a rumfa ɗaya.

Daga Dutsi sai ya yi arewa zuwa Matankari, tsohuwar fadar Sarkin Arewa. A nan Faransawa suka fara kafa barikinsu, kafin su maido shi Dogon Dutsi a 1906, abin da ya ɗaga wannan gari ya rage wa wancan. A bakin dattawan Matankari zai ji yadda sarautar ta samo asali: cewa Ari, ɗan sarkin Barno, ya auri ɗiyar Baura na Bagaji, suka haifi Akazama, kakan sarakunan Arewa, kuma daga sunan Ari aka sami Arawa. Wannan labari ne na baka, amma yana koyar da abu guda mai nauyi: baƙo ya sami sarauta, ƴan ƙasa kuwa, wato Gubawa, suka riƙe ƙasa da al'adunta, kowa ya san iyakarsa. Bagaji tana nan, sarautar Baura tana nan.

Sai Lugu, cikin karkarar Ɗan Kasari. Masu tarihin wurin na cewa Sarauniya ta farko daga Daura ta fito, kuma dutsin nan Tunguma, wanda Azna ke kai wa ƙara ya raba gardama, shi ya nuna mata mazauni. Sarautar ba ta yanke ba. Idan Sarauniya ta rasu, ta hanyar tarkama ake sanin magajiyarta: a ɗauki gawa, inda ta ja masu ɗauke da ita ta tsaya, nan sarauta ta faɗa. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga bakin Kwara tana ƙone garuruwa a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi, ta iso Lugu. Garuruwa da yawa sun watse tun kafin ta iso. Sarauniya Mangu da maharbanta suka tsaya. Takardun Faransawan da kansu sun nuna an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7000 kafin su shiga garin, mutanen kuwa suka janye cikin kurmi. Rundunar ta wuce ta yi ɓarnar da aka sani a Birnin Ƙwanni, kuma a watan Yuli na shekarar nan sojojinsu suka harbe shugabannin biyu a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke har yau.

Kada a manta da kudu. Wanda ya sauka a Kore Mai Ruwa ya gangara cikin kwari zai isa Tibiri ta Samna, wadda bai kamata a rikita ta da Tsibirin Gobir na kusa da Maraɗi ba. Tun 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta, tare da Dumega da Gesheme da Kore Mai Ruwa. Nan ne gidan Samna Ƙarhe, jarumin da ya haɗa kai da Kabawan Argungu da mayaƙan Zabarma irin su Isa Korombe a tsakiyar ƙarni na 19, suka ƙi bin Gwandu. Wanda ya zauna da makaɗan fada a Tibiri ya ji kirarin Samna, ya sami darasin tarihi da babu shi a allon lakwal.

Akwai ma wani abin mamaki da ƙalilan suka sani. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, an zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne, kuma Dogon Dutsi na ciki. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 aka ja iyakar ta koma kudu. Da ba don haka ba, da yau Ingilishi ƴaƴan Matankari ke karantawa. Alƙalamin nan ne ya raba Arawan Dutsi da ƴan uwansu na Kangiwa a jihar Kabi ta Najeriya.

Me ya hana?

Mai karatu zai ce: to, in duk wannan na nan, me ya sa ba a zuwa? Ba rashin mai ba da labari ba ne. Abdullahi Mamani ya fitar da littafinsa na Sarauniya a 1980. Med Hondo ya mai da shi sinima a 1986, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987, ko da yake a Burkina Faso aka ɗauki hoton, ba a ƙasarmu ba. A 2006 hukumomin Nijar sun sa Lugu cikin jerin wuraren da suke fatan UNESCO ta karɓa. Tsohon garin Agadas ya shiga gadon duniya a 2013. Lugu na nan tana jira. Wato mun sami namu marubucin kamar yadda Alhamra ta samu. Abin da ya biyo bayan littafin a can, shi ne bai biyo ba a nan. Sunan Sarauniya ya hau gidan rediyo, ya hau makarantu da shaguna, amma garin da ya haifi sunan ƙaramin ƙauye ne da yawancin masu alfahari da ita ba su san hanyarsa ba.

Dalili na farko, mu faɗi gaskiya, yana cikin zukatanmu. Da yawa daga cikinmu na jin nauyin a ce sun taka Lugu ko Bagaji, kada a ce sun je wurin tsafi. Ina girmama mai wannan tsoro, domin kishin addininsa ne ya sa shi. Amma ina roƙonsa ya dubi Garnada. Mutanen Ispaniya mafi yawansu Kirista ne, kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru suna yaƙi da Musulmi, duk da haka su ne yau ke share ƙurar rubutun Larabci a bangon Alhamra, suna biyan masana su karanta shi, ba kuwa wanda ya ce sun musulunta. Sanin tarihin kakanka daban, bin addininsa daban. Malamanmu sun fi ni sanin cewa an kwaɗaitar da mu tafiya a bayan ƙasa domin ɗaukar darasi daga waɗanda suka gabata. Kibiyar da aka harba wa Voulet a Lugu, ba a tambayi addinin wanda za ta kare ba.

Dalili na biyu shi ne tsaro, kuma ba zan ɓoye muku shi ba. Tun ranar 9 ga Agusta 2020, da aka kashe mutum 8, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, a dajin raƙuman dawa na Kure da ke kan wannan hanya tamu, baƙin waje suka ɗauke ƙafa. Arewacin gundumar Dogon Dutsi ma, wajen Dogon Kirya da Sukukutan, ya sha fama da ƴan bindiga. Duk mai niyyar fita daga kwalta ya shiga karkara, wajibi ne ya fara tambayar hukuma da mutanen gari halin da hanya ke ciki, in an ce ya dakata ya dakata. Rai ya fi yawon buɗe ido.

Sai dai wannan hali ya tona wani kuskure da muka daɗe a cikinsa. Mun ɗauka ɗan yawon buɗe ido shi ne Nasara mai jaka a baya da na'urar ɗaukar hoto a wuya, har ya zama in bai zo ba, sai mu naɗe hannu mu ce harka ta mutu. Alhali maƙwabtanmu na Argungu, tun 1934 suke bikin kamun kifi, kuma mafi yawan masu cika garin ƴan ƙasa ne da maƙwabta, har da mutanenmu. Baƙon farko da Arewa ke bukata shi ne ɗanta: ɗan lakwal na Dutsi, da ma'aikacin da ke Yamai, da ɗan kasuwar da ke Kwatano, da ɗan uwa na Kangiwa.

Abin da ke hannunmu

Ba na kiran a gina otal mai hawa goma. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Magadan gari na Dutsi da Matankari da Ɗan Kasari da Tibiri su haɗa kai da sarakuna, a kafa alluna a bakin kwalta da Hausar boko da ajami da Faransanci, masu gaya wa matafiyi abin da ke kusa da shi. A ware ɗaki ko da guda ne a Dogon Dutsi, a ajiye baka da kwari, da kayan saƙa da na ƙira, da hotunan sarakuna, da taswirar hanyar da rundunar 1899 ta bi. A zaɓi samari da ƴan mata masu ilimi da ke zaune ba aiki, a tura su gaban dattawa su koyi tarihi daga tushe, su zama ƴan jagora masu cin halalinsu. Jami'ar Doso da cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda aikinta ke nan tun 1968, su taimaka a ɗauki muryoyin tsofaffin nan tun suna raye, domin duk damina sai mun binne wani da abin da ya sani. Malaman makaranta kuma su roƙi rana ɗaya a shekara su hau Tozon Bijini da yaransu, wannan kam ko dala ba ta ci. Garuruwan Faransa irin su Orsay da Cesson-Sévigné sun yi shekaru suna hulɗa da Dutsi da Ɗan Kasari a kan ruwa da karatu da noma. Abin kunya ne a ce wani a can ya fi ɗan gida sanin Lugu.

Sharaɗi ɗaya ne zan ƙara, kuma shi ne mafi girma. Alhamra fada ce da masu ita suka tafi, saboda haka hukuma ke yanka tikiti. Lugu kuwa gari ne mai rai, da mutanensa a ciki. Sarauniya ba abin kallo ba ce, uwa ce a ɗakinta. Mutanen wurin su ne za su faɗi inda baƙo zai taka da inda ba zai taka ba, da abin da za a ɗauki hotonsa da wanda ba za a ɗauka ba, kuma abin da baƙo ya bayar ya tsaya a garin, ya zama rijiya ko aji ko magani. Wanda ya je, ya je da sallama da goronsa, kamar mai zuwa gaida kaka. In ba haka ba, gara a bar su cikin rufin asirinsu.

Shi kuwa ɗan aminina, kafin hutunsa ya ƙare ya matsa wa ubansa sai da suka je Matankari suka kwana biyu. Da ya komo ya ce mini wani tsoho ya lissafa masa kakanninsa har bakwai, ya rubuta su a takarda don kada ya manta. Lugu kam ba su samu isa ba a wannan karo, an ba su shawara su dakata, suka kuwa bi shawara. Ya yi alkawarin in ya komo baɗi, Allah ya kawo lafiyar hanya, da ni za a je. Na ce masa Allah ya kai mu.

Ku kuma masu karatu, musamman ƴan Arewa da ke Yamai da sauran wurare, wanda ya san wani wuri ko wani labari da ban ambata ba, ya rubuto wa wannan fili, za mu buga da yardar Allah. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya san kuma inda ya ajiye tsohuwar zumarsa.